Zauren Injiniya: Kafin a Sayar da Fili a Sayo Inji

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi. Mutum ya ga wani sabon inji a bidiyon waya, ko ya ji labarinsa a rediyo, hankalinsa ya tashi, yana son ya san inda abin ya shafe shi. Na zaɓi biyar. Kamar yadda muka saba, na taƙaita tambayoyin kuma na ɓoye sunaye.

TAMBAYA: Injiniya, ni mai walda ne a Sabon Gari. Shekarata goma sha shida ina ƙera injin bugun masara da na casar shinkafa da ƙofofi. Na ga wani inji da kwamfuta ke juyawa, yana yanka farantin ƙarfe da kansa, yana fitar da fure a jikin ƙofa kamar an zana da alƙalami. Ina da fili a wajen Dogarawa, ina tunanin in sayar in sayo shi. Me ka gani?

AMSA: Ƙanena, abin da ka gani gaskiya ne, kuma ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da za a ce akwai irinsa goma a Zariya. Amma ka mayar da takardar filinka cikin akwati tukuna, mu yi magana.

Masu sana'a suna kiransa CNC, wato injin da lambobi ke yi wa jagora. Ya daɗe a duniya. Tun 1952 aka nuna na farko a jami'ar MIT da ke Amurka, lokacin da doguwar takarda mai huji-huji ake ba shi umarni. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan farashi ne. Masana'antun ƙasar Sin sun yi ta ƙera shi har ya sauko inda mai shago irinka zai iya sa shi a rai. Na yankan faranti iri biyu ne suka fi yawa. Akwai na filasma, mai narkar da ƙarfe da tartsatsin lantarki, iska mai ƙarfi na hure narkakken. Shi ya fi araha, kuma yana cin faranti mai kauri, sai dai bakin yankansa yakan so a bi shi da giranda. Akwai na hasken leza, wanda yankansa fes yake fita, shi ne mai furen da ya burge ka. Wannan yana da tsada, yana son wutar da ba ta rawa, da na'urar sanyaya shi, da tukwanen iskar gas. Na filasma ma ba ya wasa da ɗanyar iska: in kwamfuresarka, wato injin da ke matsa masa iska, na tara ruwa, bakin wutar zai riƙa cinyewa kamar alewa, kuma kowanne da kuɗi ake sayo shi.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a bencina, don shi ne zai nuna maka amfanin injin na ainihi. Wata shekara ana tsakiyar kaka wani manomi daga wajen Soba ya shigo mini da rariyar injin bugun masara, ta tsage. Ya fara komawa wurin wanda ya ƙera masa, ya yi sa'a akwai wani inji irin nasa sak a ƙofar shagon, aka ciro rariyar wancan aka ba shi. Ya kai gona, ta ƙi zama. Na ɗora tsohuwar a kan sabuwar, na ɗaga su ta wajen hasken ƙofa. Ramukan noti huɗu ne. Biyu sun haɗu, haske na wucewa, biyu sun kauce da kusan faɗin ɗan yatsa. Hannu ɗaya ya yi su, cikin wata ɗaya, amma da alli da ido aka auna. Kwana uku masarar mutumin nan na jibge, 'yan ƙwadago na zaune, mai mota na jira. Da zai tafi ya ce mini, "Malam, badi na waje zan saya ko da bashi ne." Har yau maganar nan na ci mini rai, domin injin namu ya fi na wajen ƙarfi da juriya. A awo kawai muka faɗi.

To, wannan ciwon ne CNC ke magani. In ka yanka rariya yau, ka yanka wata bayan shekara biyar, za su fito kamar tagwaye. Daga nan ne za ka iya sayar da kayan gyara a leda, manomi ya aiko yaro daga Giwa ya karɓa ba tare da ya ɗauko inji a mota ba. Sai dai injin ba ya jin "ɗan ƙara kaɗan", ba ya jin "kamar na jiya". Zane yake ci, mai lambobi, wanda aka yi a kwamfuta. Yanzu in tambaye ka tsakani da Allah: injin bugun masarar da ka fi alfahari da shi, akwai takardar da aka rubuta tsawon kowane ƙarfe nasa da nisan kowane rami? In babu, ko yau aka sauke maka CNC kyauta a ƙofar shago, kallon juna za ku yi.

Don haka ga inda zan so ka fara. Ka sayi ma'aunin nan mai muƙamuƙi da muke kira baniya, wanda ke auna har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ka warware injinka mafi kyau, ka auna komai, ka rubuta a littafi. Cikin yaran shagonka akwai wanda ba ya rabuwa da waya, shi za ka zaunar ya koyi zane. Akwai manhajoji na kyauta, irin su FreeCAD da LibreCAD, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. In zanen ya kammala, ka tura shi ta WhatsApp wurin masu irin wannan inji a Kano ko Kaduna, su yanka, ka biya kuɗin yanka, a sa maka a mota. Ka yi haka shekara guda kana rubuta abin da ka kashe. A ƙarshen shekara littafin ne zai gaya maka ko aikinka ya kai ya ci da inji, ba bidiyo ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani game da kasuwar kanta. Kusan ko'ina, ƙaramin mai irin wannan inji da aikin maƙwabta yake rayuwa, domin nasa shi kaɗai ba zai cika wa injin yini ba. Ka ƙirga masu walda daga Muciya zuwa Kwangila. In ƙungiyarku ta haɗa kai ta sayi ɗaya, kowa na kawo farantinsa yana biya, ya fi mutum ɗaya ya sayar da gadonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bankin Masana'antu yana ba da rancen sayen injuna, amma zai nemi rajistar kasuwanci da bayanan shige da ficen kuɗi, ka ga mun sake dawowa kan littafi. In kuma ranar saye ta zo, kafin ka tambayi farashi ka tambayi mai sayarwa wa zai kafa shi, a ina ake samun bakin wuta, da wane harshe manhajar take, kuma in allon lantarkinsa ya ƙone wa za ka kira. In ya fara kame-kame, ka tashi.

Ka leƙa Samaru ma. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta daɗe tana gwada injunan sussuka da ɓare amfanin gona, kuma ba ta fi tafiyar ɗan sahu daga shagonka ba.

TAMBAYA: Baba Injiniya, mijina da 'ya'yana biyu ɗinkin hannu suke yi na manyan riguna a cikin birni, ni ma ina taɓawa a ɗaka. Yanzu injin kwamfuta yana gama aikin wuya cikin yini ɗaya, a rabin kuɗi. Ga shi ina ji a rediyo wai mutum-mutumi zai karɓe aikin masana'antu duka. In cire yaran nan in sa su wata sana'a?

AMSA: 'Yata, na karanta wasiƙarki sau uku. Na san tsoron da ke cikinta, domin ni ma sana'a ta taɓa mutuwa a hannuna.

Na yi ƙuruciyata a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, a sashen gyaran injuna. An buɗe masaƙa ta farko a can a 1957, wasu suka biyo baya, har ta kai in jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa, kekuna kan cika titi ba masaka tsinke. Audugar da ake nomawa a ƙasar Zazzau da Funtuwa can take ƙarewa. Kafin ƙarshen 2007 manyan cikinsu sun rufe. Ina nan aka kashe injunan sashenmu, kuma ina shaida miki ko mutum-mutumi ɗaya bai shigo ƙofar nan ba. Wuta ce ta yi ƙaranci, baƙin man da ake dafa tukunyar tururi da shi ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, mu kuma muna nan da injunan da suka girmi wasu ma'aikatanmu. Waɗanda suka kayar da mu a kasuwa su ne waɗanda suka sabunta injunansu.

Shi mutum-mutumin masana'anta, wani ƙaton hannun ƙarfe ne da aka kafe wuri guda. Na farko ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar kamfanin General Motors a Amurka, yana ɗauko ƙarfe mai zafi daga wurin zubi, aikin da ke ƙona mutane. Yau Koriya ta Kudu ce ta fi kowa yawansu in aka kwatanta da ma'aikata, sama da 1,000 ga kowane ma'aikata 10,000 na masana'antu, ita kuma Sin tana kafa fiye da rabin sababbin da ake kafawa a duniya duk shekara. Ba zan ɓoye miki ba, yana cin wasu ayyuka, musamman aikin da ake maimaita motsi ɗaya daga safe har yamma. Amma inda ladan ma'aikaci ke da tsada can yake fara zuwa. Mu a nan abin da ke iso mana shi ne kayan da ya ƙera a can, da araha.

Yanzu maganar ɗinki. Injin da kike magana a kai jikan wani tsohon abu ne. A 1804 wani Bafaranshe mai suna Jacquard ya fito da masaƙar da ke karanta zane daga kati mai huji, daga nan dabarar ta yi ta tafiya har ta kai ga injin aiki mai kawuna da yawa, irin na kamfanin Tajima na Japan da 'yan'uwansa na Sin, masu yin ɗaruruwan ɗinki a minti ɗaya. Kasuwar mai neman rigar Sallah da sauri a kuɗi kaɗan ta tafi wurinsa, kuma ba na jin za ta dawo. Wanda ya ce miki za ta dawo yana lallashinki ne.

Amma ki ɗauko rigar mijinki mai aska takwas, ki ɗauko ta inji, ki juya bayansu. Ta inji za ki ga an manna mata wani farin abu don ta tsaya, zaren a kwance yake, jere kamar an buga hatimi. Ta hannu tana da tudu da kwari, yatsa na jin su, kuma in ta je wurin masu bugu ta sha tabarya a kan gungume, ƙyallin da take yi daban ne. Mai sarauta da ango ɗan babban gida da malamin da za a naɗa sun san wannan bambancin, suna kuma biya. Matsalar da na gani a birni ita ce mai ɗinkin da ya yi wata biyu yana sunkuye shi ne mafi ƙarancin rabo, riba tana hannun wanda ya kai rigar Abuja ko Kano. Wayar da ke hannun 'ya'yanki za ta iya rage wannan tazarar: hoto mai kyau, bidiyon allura na shiga tana fita, mai saye ya ga hannun da ya yi masa aiki.

Da ni ne, ba zan cire kowa ba. Ɗaya ya zauna kusa da mahaifinsa ya ƙware har ya fi shi. Ɗayan, wanda ya fi son kwamfuta, ya je ya koyi shigar da zane cikin injin. Injin nan ba ya ƙirƙiro aska biyu ko malum-malum da kansa, sai wani ya zauna ya tsara masa inda kowace allura za ta faɗa. Yawancin masu yi ba su taɓa riƙe allura ba, shi ya sa za ki ga aikin wani ya fito a karkace, ba kai ba gindi. Yaron da ya tashi yana ganin yadda ake zana riga da tawada kafin a ɗinka yana da abin da su ba su da shi. Allah Ya yi musu albarka, Ya rufa asiri.

TAMBAYA: Malam, ina da injin niƙa a Tudun Wada, mai doki goma, mai shan gas. Kuɗin mai ya cinye riba. Sola za ta iya juya shi?

AMSA: Za ta iya, maƙwabcina, in an yi lissafi. Doki ɗaya wat 746 ne, doki goma ya kama kilowat bakwai da rabi. Za ka cire injin gas ɗin ka sa motar lantarki, wato na'urar da wuta ke juyawa ita kuma ta juya injin niƙa, mai layi uku. Farantan sola ba sa ba da duk abin da aka rubuta a jikinsu, saboda zafi da ƙura, don haka ka sa ran wajen faranti ashirin masu wat 550.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne wajen tashi. Motar lantarki in za ta tashi takan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita. Shi ya sa za ka ga an haɗa wa mutum inbata mai tsada, ana kunna inji ta ɗauke. Maganin wannan wata na'ura ce da ake kira VFD, mai tayar da mota a hankali kamar direban da ya iya sakin kuloci. Akwai irinta da ke karɓar wuta kai tsaye daga faranti ba tare da batir ba, ita masu rijiyar burtsatse ke amfani da ita. Batir shi ne mafi tsada a harkar sola, in ka iya kauce masa ka tsira da kuɗi mai yawa.

Sai dai rana ba ta san lokacin da mata ke aiko da niƙa ba. Ƙarfinta daga wajen ƙarfe tara ne zuwa huɗu. Markaɗen ƙosai na asuba da niƙan bayan magariba ba su shiga ciki, ga hadarin watan Agusta, ga ƙurar hunturu da za ta sa ka wanke faranti kullum. Don haka kada ka sayar da tsohon injin, ka bar shi gefe. Wutar gwamnati ma ba arha take ba yanzu: a watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa ashirin a yini, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage.

Ka yi sati biyu kana rubuta lita nawa ka zuba, ƙarfe nawa ka kunna, ƙarfe nawa ka kashe. In mafi yawan aikinka da rana ne, kuɗin man da za ka daina saya shi zai biya farantan. Ka kai wa mai haɗa solar wannan takardar, kada ka bari ya yi maka ƙiyasi da ka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina kula da wani matsakaicin kamfanin casar shinkafa a hanyar Jos. Wasu sun zo suna tallata mana na'urorin da za a manna wa injuna, su riƙa aiko da bayani a waya kafin inji ya lalace. Sun ce juyin masana'antu na huɗu ke nan. Gaskiya ne, ko talla ce?

AMSA: Alhaji, gaskiya ce da talla a kwano ɗaya. Sunan ya fito ne daga Jamus, a bikin baje kolin masana'antu na Hanoba a 2011. Ma'anarsa a taƙaice, injuna su riƙa auna lafiyar kansu, zafi da girgiza da yawan wutar da suke ja, su tura ta intanet, kwamfuta ta lura in abu ya fara sauyawa. A manyan masana'antu, inda tsayuwar awa ɗaya asarar miliyoyi ce, abin yana biyan kansa.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. Ogana na farko a masaƙa, Allah Ya jiƙansa, kullum da safe yakan zaga da doguwar sukundireba. Ya kafa bakinta a gidan boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar inji ke juyawa a ciki, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido. Wata rana ya kira ni ya ce in saurara. Na ji ƙara kawai. Ya kai ni wani inji na kusa, na saurara, ya dawo da ni na farko. Sai na ji shi, wani ɗan ƙaras-ƙaras can ƙasa, kamar ana taka yashi. Ya ciro alli ya rubuta kwanan wata a jikin injin, ya ce ranar Lahadi za mu canja. Da muka buɗe, ƙwallayen boris ɗin sun fara ɓarewa. Na'urar da ake tallata maka kunnen wannan dattijo ce aka mayar ta lantarki, ba ta barci, ba ta yin ritaya.

Amma ka lura, da ya ji, akwai boris a sito, akwai ranar da aka keɓe don gyara, akwai kuma shugaban da ya yarda a tsayar da inji tun bai mutu ba. In waya ta yi ƙara ta ce mota ta uku ta yi zafi, amma maigida ya ce a ci gaba akwai lodi, me aka yi ke nan? Kamfanin Toyota da duniya ke koyi da tsarinsa, asalin gidan masaƙa ne. Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin, ya fito da injin saƙa a 1924 wanda ke tsayawa da kansa in zare ya tsinke, kuma daga baya aka ba kowane ma'aikacin haɗa mota ikon jan igiya in ya ga matsala, ko da layin zai tsaya. Wannan ɗabi'ar ce ta fi wuyar saye.

Ga abin da zan ce ka fara da shi. Ma'aunin danshin shinkafa tukuna. Shanshera tana son ta sauko wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa. In ta jiƙe ko ta bushe fiye da kima, karyayya za ta yi yawa, kuma nan ne kuɗinka ke zubewa kullum ba tare da wani inji ya lalace ba. Sai mita mai maƙale wayar lantarki don auna wutar kowace mota, da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, irin wanda aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona, amma na injuna. Yaro ɗaya ya zaga safe da yamma ya rubuta. Bayan wata shida za ka san injin da ya fi ba ku wahala, shi kaɗai za ka fara manna wa na'urar. Ka kuma tambaye su ko akwai kuɗin wata-wata, da dala ne ko da naira, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya zama nauyi.

In akwai kuɗi a ƙasa kuma ba ku da injin tsince launi, wanda kyamara ke duba ƙwayoyin shinkafa iska na fitar da baƙaƙen, ni shi zan sa a gaba. Uwargida da ke sayen buhu shi take gani a faranti.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Na tara kuɗi kaɗan, ina so in sayi injin ɗab'i mai siffa uku in fara sana'a. Abokaina sun ce abin wasan yara ne.

AMSA: Ɗana, ka saya. Cikin duk masu tambayar wannan watan kai kaɗai zan ce wa haka kai tsaye, domin kuɗinsa bai kai na babur ba, wutarsa ba ta da yawa, kuma ka riga ka iya zane.

Ga waɗanda ba su san shi ba, inji ne da ke narkar da zaren roba yana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa wajen kashi biyu cikin goma na milimita, har siffar da aka zana ta tashi. Haƙƙin mallakar wannan dabara ya ƙare a 2009, daga nan farashi ya faɗo. Manyansa suna aiki da garin ƙarfe: kamfanin GE na Amurka yana buga bakin feshin mai na injin jirgin sama a dunƙule, abin da a da sai an haɗa gutsattsari ashirin.

Kada dai ka ce za ka yi gasa da masu yin buta da bokiti. Su da mazubi suke aiki, cikin daƙiƙoƙi sun fitar da ɗaya, kai kuwa sai ka yini. Kasuwarka tana wurin abin da ake buƙatar guda ɗaya ko biyar kuma babu shi a kasuwa: ɗan haƙorin roba da ya karye a injin ɗaukar hoton takarda, mariƙin wata na'ura a ɗakin gwaje-gwaje, murfin da aka daina shigowa da shi. Samaru da Shika da Basawa cike suke da na'urori masu tsada da ke kwance saboda abin da bai fi girman goro ba. Ka kula da irin zaren. Wanda aka fi sayarwa, PLA, yana fara laushi a wajen digiri 60, in aka bar shi cikin mota a rana a watan Afrilu sai ya lanƙwashe. Abin da zai sha zafi ka yi shi da PETG ko ABS.

Akwai kuma wata ƙofa da nake son wani yaro ya buɗe tun da daɗewa. Masu zubin tukwanen alminiyam ɗinmu gwanaye ne, suna danna samfuri cikin yashi su zuba narkakken ƙarfe. Abin da ke hana su zuba kayan injuna shi ne rashin samfuri mai daidai awo. Kai za ka iya buga musu shi da roba, ka ɗan ƙara masa girma da kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari, saboda alminiyam na tsukewa in ya huce. Ka je ka same su, ka gaishe su da ladabi, ka tsuguna ka ga yadda suke cire samfuri daga yashi ba tare da gefen ya rushe ba, domin wannan zai sauya yadda kake zane.

Akwai wani fulin injin markaɗe, wato faifan da bel ke hawa, da ya fashe, yana kan kantata tun damina, an nema a Sabon Gari an rasa girmansa. In injinka ya iso, ka aiko ta hannun editan mujallar nan, zan ba ka shi da baniyata ka auna, mu kai wa masu zubi tare.